Alamar da ke Jikin Buhun Malam Sada

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wannan yanki namu, tsakanin Funtua da Malumfashi. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

Maraya ne. Uban ya rasu tun yana ƙarami, sai ƙanin uban, Malam Sada, ya ɗauke shi ya riƙe a wani ƙauye da ke gefen Gozaki. 'Ya ɗaya Allah ya bai wa Malam Sada, sunanta Suwaiba, saboda haka ya mai da yaron nan tamkar ɗan cikinsa. Da masarar gonarsa ya yi masa sutura, da ita ya kai shi makaranta, har ya je Zariya ya koyo aikin kwamfuta.

Kun san al'adar kasuwannin hatsinmu. Kowane gida da alamar da yake yi wa buhunansa, don kada kaya su cakuɗe a mota ko a rumfar dillali. Ta gidan Malam Sada ƙafar kaza ce da ɗigo biyu, da shuɗin fenti, tun zamanin kakansu. Dillali in ya ga wannan alama ba ya huda buhu ya duba. Ya san babu tsakuwa a ƙasa, babu ɗanya a tsakiya. Akwai wani Bayerabe, Alhaji Raufu, mai sayen masara yana kai wa masu kiwon kaji a kudu. Shi kam tun daga bakin kasuwa yake tambaya, "Ƙafar kaza ta iso?" Idan damina ta matso kuwa, daga ƙauyuka ake zuwa gidan neman iri. Malam Sada ba attajiri ba ne. Wannan alama ita ce abin da ya mallaka.

Mutumin namu da hannunsa ya sha zana ta yana yaro. Ku riƙe wannan.

Da ya gama karatu bai koma ƙauye ba. Ya kama ɗaki a Funtua, ya buɗe shafin intanet na labaran noma, yana sa farashin masara da waken suya da auduga, da lokacin da taki ya iso. Aiki ne mai kyau, babu wanda zai ce a'a. Sai dai shafin kamar rumfa a bayan kasuwa, ba mai leƙawa. Masu talla kuwa ba sa sa tallarsu inda ba jama'a.

Sai ya shiga neman dabara. Ya haɗa wa shafin bulog, wato wurin da yake rubutu kullum. Sannan ya ɗaura masa wata hanya da masu wannan sana'a suka sani, wadda da zarar ka wallafa abu, ita da kanta za ta kwashe shi ta kai wa wasu shafuka. Ya bi masu ƙananan shafuka na Kano da Kaduna da Ibadan yana roƙo, har suka yarda suka jona nasu da nasa. Kamar mai noman rani ne: ka buɗe bakin ruwa sau ɗaya, ya bi kowane fangali ba sai ka raka shi ba. Ran da abin ya fara aiki har rawa ya taka a ɗaki.

Amma me ruwan ke ɗauke da shi? Farashin waken suya. Wa zai bar abin da yake yi ya karanta farashin waken suya? Ya lura cewa ranar da ya sa labarin wata mota da ta kife da shanu, masu shigowa sun ninka. Ranar da ya sa wata rigima a kan iyakar gona, sun sake ninkawa. A nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Ya ce masa, tunda mugun labari ake so, kuma ba kullum yake faruwa ba, me zai hana ka taimaka masa ya faru?

Wata rana da hantsi, bayan kaka, ya zauna ya ƙaga labari daga kansa. Wai wani manomi a kudancin Katsina ya adana masararsa da maganin ɓera, an kai ta kudu, kaji sun mutu, wasu yara kuma suna kwance rai a hannun Allah. Bai sa sunan kowa ba, bai sa sunan gari ba. Ya ce a ransa, tunda ban kama suna ba ban zalunci kowa ba.

Saura hoto. Ya duba wayarsa, hoton buhuna ɗaya ne kawai ya fito da kyau, wanda ya ɗauka a kasuwa ranar da ya je gaida baffansa. Buhuna ne jere a rana, kowanne da ƙafar kaza da ɗigo biyu.

Kada wani ya ce bai gani ba. Ya gani. Amma sai ya ce, mutanen Kano da Ibadan me suka sani da alamar buhu? Ya manta cewa ɗan dako da dillali da direban mota duk suna da waya a aljihu, kuma su wannan alama suna ne da suke karantawa tun daga nesa. Ya danna. Ya tashi ya tafi sallar azahar, ya tsaya a sahun gaba.

Kafin la'asar labarin ya bi kowane shafi da aka jona da nasa. Daga can aka kwafe shi aka zuba a wayoyin mutane. Jama'ar da ya daɗe yana nema suka yi ta tururuwa, masu talla suka fara kiransa da kansu. Ya ji daɗi. Ina faɗa muku da baƙin ciki, ya ji daɗi ƙwarai, har ya sayi tsire ya raba wa abokai.

Ranar kasuwa Malam Sada ya kai kayansa kamar kullum. Tsoho ne da bai san bulog ba, wayarsa ma ta kira ce kawai. Ya ga 'yan dako suna kauce wa buhunansa. Ya ga dillalin da suka yi shekaru tare yana kallon ƙasa. Sai Alhaji Raufu ya ja shi gefe ya nuna masa hoton.

"Malam, ni na san ka," in ji shi. "Amma masu kaji can ba su san ka ba, hoton nan suka sani. Sun ce duk buhun da ya zo da wannan zane a mai da shi."

Malam Sada ya daɗe yana kallon wayar. Ya tambaya wa ya rubuta. Aka karanta masa sunan da ke ƙasa. Sai ya sa aka mai da buhunan cikin mota.

Suwaiba ce ta kira mutumin namu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Yaya, da wace masara aka kai ka makaranta?" Ta kashe wayar.

Nan hankalinsa ya tashi. Ya yi maza ya goge labarin daga shafinsa. Ya leƙa na Kano, yana nan. Ya leƙa na Kaduna, yana nan. Hanyar da ya ɗaura ta iya kaiwa, ba ta iya dawowa da abu ba. Ya kira masu shafukan, wasu ba su ɗauka ba, wani ya ce masa, "Labarin da ya fi kawo mini jama'a zan cire?" Ya rubuta gyara, ya ce ƙarya ce shi ya ƙaga ta. Gyaran ma ya bi hanya ya tafi, amma wa ya karanta? Wa ya taɓa tura wa abokinsa labarin cewa babu wanda ya mutu?

A ƙauye dai an gane gaskiya, amma ganewar ba ta hana komai ba. Mace za ta ce ai na san Malam, sannan ta hana ɗanta cin tuwo a gidansa, wai don gudun tsautsayi. Damina ta zo, masu neman iri suka bi wata hanya.

Dillalai suka ba Malam Sada shawara ya sauya alama. Ya ƙi. Ya ce in ya sauya ta, ya amsa laifin da bai yi ba, kuma ya zubar da sunan ubansa. Masara ta zauna a rumbu har ƙwari suka fara shiga. Da ciwo ya kama shi, ana bukatar magani, dole aka kira dillali har gida. Aka juye masarar a buhunan da ba su da zane, aka fitar da ita ta ƙofar baya. Tsohon yana zaune a kan tabarma yana kallo ana sayar da guminsa kamar kayan sata. Suwaiba ta ce tun daga ranar bai sake cin abincin kirki ba.

Shi kuwa mai shafi, ribar tasa ba ta kai wata damina ba. Masu sayar da taki da iri a Funtua suka janye tallarsu, domin su ma da manoma suke ci. In ya rubuta farashi, sai a ce maƙaryacin nan ne. In ya shiga majalisa, hira ta mutu. Ya kasa biyan kuɗin riƙe shafin, aka rufe shi. Ku ji wannan da kyau: da shafin ya rufe, gyaran da ya rubuta ya tafi tare da shi. Ƙaryar kuwa tana nan a shafukan mutane, da hotonta, da sunansa a ƙasa.

Sai da aka aiko masa cewa jikin baffansa ya yi tsanani sannan ya iya taka ƙofar gidan. Ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai.

"Baffa, ka yafe mini."

"Na yafe maka," in ji Malam Sada. "Ba ni da ɗa namiji, rabon gonar nan zai zo hannunka. Abu guda na bar maka wasiyya. Kada ka sauya alamar gidan nan."

Bai daɗe ba ya cika.

Mutumin namu ya tattara ya koma ƙauye, domin ba shi da wurin zuwa. Ya kama fartanya da hannun da ya saba da danna waya. Allah bai hana shi ba, masara ta yi kyau. Da kaka ya sayo shuɗin fenti, ya zauna ya zana ƙafar kaza da ɗigo biyu a kan kowane buhu, kamar yadda aka koya masa yana yaro. Ya kai kasuwa.

A lokacin tsufa ya zaunar da Alhaji Raufu, ɗansa Oluwaseun ne ke saye. Haifaffen Funtua ne, amma ya daɗe a kudu wajen karatu, bai san fuskar mutumin namu ba. Ya zo ya ɗebi masarar a hannu, ya yaba. Sai idonsa ya kai kan zanen, ya saki abin da ya ɗiba.

"Yi haƙuri Malam, wannan ba za ta shiga mota ba."

"Labarin nan ƙarya ne," in ji mutumin namu. "Wallahi ƙarya ne."

Oluwaseun ya ciro waya, ya ɗan lalubo, ya miƙa masa. Ga hoton, ga rubutun, ko harafi bai canza ba. Wani shafi ne ya sake fito da shi, kamar yadda suke yi duk kaka.

"Baba ma cewa yake ƙarya ce," in ji Oluwaseun. "Amma duba sunan wanda ya rubuta. An ce ɗan gidan ne, a hannun tsohon ya tashi. Ai ya fi ni da kai sanin abin da ke cikin rumbunsu."

Mutumin namu ya tsaya riƙe da wayar yana kallon sunansa. Da yamma ya nemi mota ta mai da masa buhunansa gida.

Ya 'yan uwa, har yau yana nan yana noma, yana zana alamar, yana komawa da kayansa, sai abin da ya sayar da tiya a ƙauye. Baffansa ya yafe masa, amma yafiyar ba ta goge ko shafi ɗaya ba. To ina ga wanda ya mutu ba a yafe masa ba? Ina ga wanda ƙaryarsa ke ci gaba da yawo yana cikin kabari, duk wanda ya buɗe ta a sake rubuta masa zunubi?

Ban ce buɗe shafi haramun ne ba. Ban ce neman jama'a laifi ne ba, mai rumfa ma yana kiran masu saye. Amma kai mai rubutawa, kafin ka danna, ka tambayi kanka mutuncin wa ke cikin hoton nan. Kada ka yaudari kanka da cewa ba ka kama suna ba. Kai kuma mai turawa, da kake cewa ni dai gani na yi na tura, ka sani da irin hannunka aka kwantar da Malam Sada. Allah ya umarce mu mu bincika labari kafin mu ɗauka, kuma zai tambaye mu abin da yatsunmu suka aika kamar yadda zai tambaye mu abin da harshe ya furta.

Allah ya jiƙan Malam Sada da sauran waɗanda aka ɓata musu suna ba su ji ba ba su gani ba. Allah ya sa kada mu ci abinci da mutuncin wanda ya ciyar da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye hannuwanmu daga aika abin da ba za mu iya dawo da shi ba. Amin.