Rizista Biyu a Gaban Sarkin Kanikawa

An ce wai a wani gareji da ke bakin gari an yi wani mai gyaran wayarin mota, Tanimu, wanda ya shekara goma sha tara a rumfa ɗaya. Garejin na da doka: duk wanda gangancinsa ya ƙona motar mutane, sai ya bar rumfarsa.

Wata Laraba ya ɗaura wa wani direba rediyo, ya sa masa rizista, ɗan abin nan da ke rage ƙarfin wuta. Direban bai kai tasha ba hayaƙi ya turnuƙe motar, wayoyi suka narke. Tanimu ya rantse jabun kaya aka sayar masa. Isiyaku, mai shagon da ya sayar masa da rizistan, ya ce lambar da aka tambaya ita ya bayar.

Aka kai magana gaban Sarkin Kanikawa, Malam Barau, tsohon da ya koya wa rabin garejin aiki. Tanimu ya durƙusa. In aka kore shi, bai san inda zai kai iyalinsa ba.

Malam Barau bai tambayi kowa rantsuwa ba. Ya sa aka kawo rizista biyu masu lamba ɗaya, ɗaya kamar ƙwayar shinkafa, ɗaya kamar babban yatsa.

"Tanimu, wanne ka sa?"

"Ƙaramin, ranka ya daɗe. Ai duk ɗaya ne, tunda lambarsu ɗaya."

Tsohon ya dubi sauran masu wayarin da suka zo kallo, waɗanda tun safe suke ta girgiza kai kamar ba su taɓa kuskure ba. "Wa ya yarda da maganarsa?"

Mutum bakwai suka ɗaga hannu.

Malam Barau ya haɗa duka biyun da batir, ya ce kowa ya zo ya taɓa. Babban ɗumi kawai ya yi. Ƙaramin kuwa, Tanimu na kai yatsa ya fizge hannu, kafin wani ya matso har rizistan ya fara hayaƙi. Nan Tanimu ya gane da bakinsa ya kama kansa.

Malam Barau ya ce, "Lamba tana faɗin yawan wutar da zai tare. Zafin da zai iya jurewa kuwa, wanda muke kira wat, wannan a jikinsa yake. Isiyaku ba shi da laifi. Tanimu ya ɗora wa mai kwatan wat kayan mai wat biyar."

Tanimu ya sunkuyar da kai yana jiran a ce ya kwashe kayansa.

Tsohon ya ci gaba, "Amma dokarmu mai ganganci ta ce a kora. Abin da mutum takwas suka yi imani da shi ba ganganci ba ne, koyarwa ce ta gaza. Biyar a cikinku a hannuna kuka koya. In za a rufe rumfa, tawa za a fara rufewa. Tanimu, je ka gyara motar mutumin nan, ni zan riƙe maka waya."

Tanimu ya ɗago kai. Ya tashi, tsohon na biye da shi.

Shi ya sa masu hankali suka ce: kafin ka ɗora wa abu aiki, tambayi abin da zai iya jurewa, kafin ka hukunta mai kuskure kuma, tambayi wanda ya koya masa.