Gizo da Kwaɗo a Hanyar Tafkin Kan Dutse

Kaka ta ce, "Ku matso kusa, ga ta nan tafe, ga ta nanku."

Muka ce, "Ta iso, mu ji ta."

Wata shekara damina ta yi ƙarfi, aka ji labarin tafkin da ke can kan duwatsu ya cika da tarwaɗa. Gizo da Bushiya da Kwaɗo suka shirya su hau, su yi zango kwana uku a bakinsa suna kamun kifi. Bushiya ta ɗauki garin guzuri, aka ba Gizo kaskon garwashi. Da aka zo maganar wanda zai shige gaba, Bushiya ta ce a bar wa Kwaɗo, shi ya san halin ruwa. Gizo ya yi murmushi, amma hassada ta kama shi.

Suka kama hanya, ga taɓo har gwiwa, ga duwatsu sai santsi. Suka tarar da rafi na farko ya shanye turba. Kwaɗo ya nutse, ya fito, ya nuna musu inda ba zurfi. Bushiya ta sa masa albarka. Gizo ya ce ai ko makaho ya ga wurin nan.

A rafi na biyu, Kwaɗo ya jera musu duwatsun takawa. Yana kan na ƙarshe, Gizo ya zura ƙafa ya ture shi, Kwaɗo ya faɗa ruwa tsundum. Sai ga shi ya ɓullo a wancan ƙetaren da kifi a baki. Bushiya ta yi ta yabonsa har suka gama hawan tudu. Gizo kuwa ko kallonsu bai yi ba.

A rafi na uku hanya ta rabu. Ɗaya ta zaga ta kan tsauni, ɗaya ta ratsa kwazazzabo. Kwaɗo ya dubi hadarin da ya haɗo, ya ce su zaga, don ruwan da aka yi a sama nan zai gangaro.

Gizo ya ce, "Kai kaɗai Allah ya ba ido? Ku same ni a tafki, na hura wuta."

Kwaɗo ya ce, "Malam Gizo, ka yi haƙuri ka biyo mu. Ruwan kwarin nan ba ya sallama."

Gizo ya ɗora kasko a ka ya gangara, yana ta raya yadda Bushiya za ta yabe shi. Ya kai tsakiya ke nan sai ya ji ruri a bayansa. Kafin ya waiga, jan ruwa ya kwashe shi, ya buga shi da wannan dutse, ya buga shi da wancan. Da ƙyar ya maƙale a saiwar ɓaure yana kururuwa. Kwaɗo ya ji daga sama, ya diro, ya goya shi ya fitar.

Da la'asar suka isa tafki, ga kifi yana ta tsalle, amma kasko ya bi ruwa, babu abin gashi. Iska mai sanyi ta taso. Kwaɗo ya shiga tafki ya yi zamansa. Bushiya ta dama gari ta sha, ta dunƙule cikin ƙayarta. Gizo ya rage a jiƙe a kan falalen dutse, haƙora na kaɗawa.

Can ya dubi Kwaɗo da ke shawagi cikin ruwa ya ce, "Kai ko sanyin ma ba ka ji?"

Kwaɗo ya ce, "Ina ji mana, naka nake ji." Ya tsinko ganyen bado ya lulluɓa masa.

Kun ji, jikokina. Mai hassada kansa yake fara cuta, wanda ake yi wa kuwa gaba yake yi.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare a nan.