Matsa Kaɗan, Ka Tare Mini Dutse

Akwai wani mutum, manomi, da yake zaune a ƙarshen wani ƙauye a gindin duwatsu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma sun tafi birni neman abinci. Sai lokacin Kirsimeti suke leƙowa, wata shekarar ma ko ƙeyarsu ba a gani. Gidan da a dā yake cike da hayaniya ya koma shiru, in ban da kukan kaji.

Mutumin nan yana da wata baiwa. Tun yana yaro hannunsa ya iya zane, amma noma da ɗawainiyar iyali ba su bar shi ba. Da ya rasa abokin hira, sai ya sayo fenti a ƙananan gwangwanaye da burushi, ya tattaro guntayen katako. In ya taso daga gona, sai ya jingina katako a kan kujera a ƙofar gidansa, ya yi ta zane. Ba sayarwa yake yi ba. In ya gama wannan, ya kai ɗaki ya ɗauko wani.

Yakan zana dutsen da yake gabas da gari. Yakan zana gonar dawa ta yi kore shar, ya sake zana ta bayan girbi, kara a kwance. Wani lokaci ya ajiye tulu da ludayi a kan tabarma, ko gwanda a faifai, ya zana su har ka ji kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Amma abu ɗaya ne ba za ka taɓa gani a zanensa ba, wato mutum. Zai zana rafi, babu mata masu wanki. Zai zana hanyar kasuwa wayam, sai ka ce an kori mutanen garin. In an tambaye shi sai ya ce, "Mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya. Dutse kuwa, inda ka bar shi nan za ka same shi." Gaskiyar magana ita ce, tun ranar da aka binne matarsa yake tsoron ya sake sa zuciyarsa a kan abin da zai iya tafiya ya bar shi.

To, yana da maƙwabci mai suna Habila, tsoho kamarsa. Shi ma shi kaɗai ne a gida, 'yarsa guda tana aure a gari mai nisa. Tsakanin gidajensu akwai wata tsamiya da saiwarta ta fito waje, ta yi daɗin zama. A nan Habila yake zama da la'asar yana tufka igiya, don dai ya ga mutum kusa da shi. Saiwar nan kuwa daidai take tsakanin mai zane da dutsensa.

Habila yakan ce, "Sannu da aiki, mutumina. Yau ma dutsen ne? Bai gaji da kai ba?"

Mai zane kuwa yakan amsa, "Yawwa, sannu. Matsa kaɗan, ka tare mini dutse."

Sai Habila ya yi dariya, ya ja igiyarsa ya koma gefe. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru.

A garin nan, mutum ba ya cin masarar fari shi kaɗai. In ta nuna, sai ya gasa ya kai wa maƙwabci, su zauna su ci tare, su gode wa Allah da ya nuna musu sabon amfani. Wata damina Habila ya gasa tasa, ya zuba a ƙwaryarsa mai ɗinki a baki, ya kawo tana turiri. Da mai zane ya ga yadda ranar yamma ta haska masarar, rawaya da ɗan baƙin ƙuna, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya! Kada ka taɓa. Ajiye ta nan."

Ya jawo sabon katako ya fara zane. Habila ya zauna yana jira. Can ya ce, "Mutumina, masara fa da zafinta ake ci."

"Saura kaɗan," in ji mai zane.

Rana ta faɗi, masara ta huce ta yi tauri. Habila ya miƙe a hankali ya ce, "To, sai da safe." Mai zane bai ko ɗaga kai ba. Zanen kam ya yi kyau ƙwarai, ba wanda zai musa.

Bayan girbi Habila ya kwanta ciwo. Mai zane ya fito da la'asar ya ga ba kowa a saiwar tsamiya, dutse ya fito sarai. Abin baƙin ciki, har daɗi ya ji. Ya ce a ransa, "Bari in ƙarasa wannan, sa'an nan in shiga in gaishe shi." Bai ƙarasa ba sai ya ji kuka ya tashi a gidan maƙwabcinsa.

Bayan an yi jana'iza, 'yar Habila, Lai'atu, ta yi sallama a ƙofarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, alfarma na zo roƙo. Babana bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Duk lokacin da na ce mu je, sai ya ce, 'Me zan yi da mai hoto, ga maƙwabcina kullum yana kallona yana zane?' Ka taimake ni da guda ɗaya, in nuna wa 'ya'yana kakansu."

Mutumin ya shiga ɗaki, ya fito da katako bayan katako ya jera a tsakar gida. Ga dutse da safe, ga dutse da yamma, ga tsamiya da saiwarta, ba kowa a kai. Lai'atu ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kan zanen masara. Ta ce, "Wannan ai ƙwaryar babana ce, ga ɗinkin nan. Ashe ya kawo maka. Kun ci tare?"

Da kyar ya ce, "'Yata, ki ba ni zuwa gobe. Zan zana miki shi."

Ya ɗauko katako mafi kyau, ya dama fenti, ya zauna. Ya san kowace tsaga a jikin dutsen nan. Amma da ya nemi fuskar Habila a zuciyarsa, sai ya rasa. Tabon nan, a kuncin dama yake ko na hagu? Gemun ya yi fari duka ne, ko da saura? Bai sani ba. Ya ɗaga ido ya dubi saiwar tsamiya. Ba wanda ya tare masa dutse. Sai ya ajiye burushi, ya yi kuka mai zafi.

'Yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: mai zanen nan ni ne, kai ne, ke ce. Zane ba zunubi ba ne, baiwa ce daga wurin Allah, shi ne kuma ya yi dutsen da kyansa. Dutsen shi ne duk abin da muka kafa wa ido don ba ya ba mu wahala: sana'armu, gonarmu, wayar da take hannunmu, har ma aikin ikilisiya. I, har shi. Akwai wanda bai taɓa fashin koyon waƙa ba, amma bai san matar da take zama kusa da shi a majami'a ta yi wata guda a kwance ba. Habila kuwa shi ne mutumin da Ubangiji ya ajiye a gabanka, wanda kake gani kamar ya tare maka hanya.

Mai zanen ya yi kaɗaici, ba shakka, ina kuma jin tausayinsa. Amma Allah bai yashe shi ba. Kowace la'asar yana aiko masa da maganin kaɗaicinsa, har da gasasshiyar masara, shi kuwa yana cewa maganin ya matsa. Ubangijinmu Yesu yana da aiki fiye da na kowa, duk da haka yakan tsaya a hanya saboda mutum guda, ya dube shi, ya shiga gidansa su ci abinci.

Zumunta a ƙafa take. In an tashi sujada yau, kafin ka kama hanya, ka dubi fuskar wanda yake kusa da kai da kyau. In kana da maƙwabcin da kake cewa sai ka gama aiki za ka gaishe shi, ajiye aikin ka tafi. Gama wanda kake ce wa ya matsa kaɗan, wata rana zai matsa, ba kuwa zai dawo ba.