Ƙofar da Tsutsa Ta Ɓarke a Karan Dawa

An yi wata Tururuwa da wata Tsutsa da suke zaune cikin karan dawa guda. Tururuwa mai haƙuri ce. Tsutsa kuwa, ban da cikinta ba ta san kowa ba.

In kun tsaga kara, yara, totuwa kawai za ku gani. Amma ɗakuna ne birjik a ciki, kowanne da 'yar ƙofa zuwa na kusa, ƙofar da ba ta kai kafar allura ba. Ruwan zaƙi yana wucewa da kansa. Babban kaya kuwa sai an kwance shi, an miƙar da shi siriri kamar zare, an zura, sannan a sake ɗaurewa a ɗaki na gaba. Haka Tururuwa take kai wa 'ya'yanta abinci can saman kara.

Wata rana Tsutsa ta iso ƙofa da wani ƙaton ƙunshi. Ta tura, ta tura, ya ƙi shiga.

Tururuwa ta ce, "Yaya, kwance shi mana, in taya ki zurawa."

"In kwance don ki ga abin da ke ciki, ki sa rai? Matsa, in buɗa ta da haƙori."

"Ƙofar nan ta dawa ce. In kika ji mata ciwo, toshewa za ta yi, kuma 'ya'yana suna sama."

"Ni na haifa miki su?"

Ta sa baki ta ɓarke ƙofar. Dawa ta ji ciwo, sai ƙaro ya shiga tsattsafowa yana liƙe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Tururuwa ta yar da kayanta ta ruga. Ta wuce ƙofa biyu, ta tarar da ta uku a liƙe.

Kwana uku tana jin 'ya'yanta suna kiranta ta bayan bango. A na huɗu ba ta ji kome ba. Wurin nan na labarin har yau ba na son ba da shi.

Tsutsa kuwa ɗakinta ya rufe ruf. Ta cinye ƙunshin, ta yi ƙiba, sannan yunwa ta taso mata. Ta dinga kira, "Ƙanwata, ki taimake ni!" Tururuwa tana ji, ba ta amsa ba. Ko ta amsa ma, babu ƙofa.

Darasin wannan labari, yara, shi ne hanyar da kowa yake bi ba a faɗaɗa ta da ƙarfi don kayan mutum ɗaya. Tsutsa ta mutu da laifinta, amma 'ya'yan Tururuwa da suka mutu ba su taɓa ko ganin ƙunshin nan ba.