Kwaɗon da Ya Ƙi Barin Busasshen Tafki

An yi wani tsohon Kwaɗo a Tafkin Kuka. Damina uku ke nan ana ruwa, amma tafkin ya ƙi cika. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta tafi babban kogi, ta ce, "Ranar da ruwa ya dawo, za ka ji muryata." Shi kuwa ya ƙi tafiya, don nan aka haife shi. Kullum yana zaune a tsagar laka yana kasa kunne. Wayyo, kewa ta cinye bawan Allah har ƙashi!

Da abin ya ishe shi, sai ya je wurin Hankaka, wanda bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da ya fito daga ƙwai.

"Malam Hankaka, me ya hana tafkina cika?"

"Wannan ma tambaya ce? Shamuwa ce ba ta sauka a kan kukarku ba. Ita ke kawo ruwa."

Kwaɗo ya zuba ido. Shamuwa ta zo, ta sauka a kan kukar, har ta yi sheƙa. Aka yi ta ruwa, tafki ko gezau.

"Malam, ga shamuwa, ina ruwan?"

"Ai da ƙafar hagu ta sauka!"

"Da dama ta sauka, a kan idona."

"To, ba da zuciya ɗaya ta zo ba. Kai, kada ka dame ni!"

Gafiya, gwanar haƙa, tana bakin raminta tana ji. Ta ce, "Malam, in tafki ya cika ka ce shamuwa, in ya bushe ka ce shamuwa. To me zai faru ka yarda ka yi kuskure?"

"Ni? Kuskure? Ke da ba ki san komai ba sai ƙasa!"

Gafiya ta juya ga Kwaɗo. "Baba, ni zato nake yi. Ina jin gaɓa ce ta zabtare ta toshe koramar da ke shayar da tafkin nan. In haka ne, za mu tarar da ruwa kwance a bayan ƙasar. In ba mu tarar ba, ka watsar da maganata."

Suka bi busasshiyar korama, Kwaɗo na tsalle yana haki. Can sai ga tulin ƙasa ya tare hanya, ga ruwa maƙil a bayansa. Gafiya ta shiga haƙa.

Hankaka ya biyo su, ya tsaya a tsakiyar koramar, ya ba su baya yana cewa, "Wahalar banza! Na riga na faɗa muku, shamuwa..."

Bai rufe baki ba ruwa ya ɓalle, ya kwashe shi ya maka a laka. Da ƙyar ya fito, farin ƙirjin nan nasa ya koma baƙi ƙirin.

Tafki ya cika, amma Kwaɗo bai yi murna ba tukuna. Ya hau dutse yana ta kira, kwana ɗaya, kwana biyu, shiru. A rana ta bakwai, muryarsa ta dushe, sai ya ji an amsa daga cikin ciyawa: "Maigida, har yanzu kana nan?"

Darasin wannan labari shi ne: bayanin da ke da amsa ga kowane hali, ko an yi ko ba a yi ba, bai bayyana komai ba. Bayani na ƙwarai shi ne mai cewa, "Je ka duba, in ba ka gani ba na yi kuskure." Da Kwaɗo ya tsaya ga Hankaka, da har yau yana kallon ƙafar shamuwa.