Ranar da Gonar Gizo Ta Yi Yaji

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

"Ta zo mu ji ta, Iya Hajjo."

To, Talle, sauke min ƙafarka daga cinya, ni ba tabarma ba ce.

Gizo dai ya gaji gona daga ubansa, baƙa wuluk, mai laushi, ko tsakuwa ka jefa mata sai ta yi tsiro. Da ita yake ci da Ƙoƙi da 'ya'yansu. Kowace kaka Fulani sukan sauka a cikinta, shanu su ci kara su bar mata kashi, kowa ya samu nasa.

Wata rana Gizo ya ari takalmi zai je suna, ya ratsa ta gonar, ya taka kashin shanu har idon sawu. A gidan suna duk inda ya zauna sai mutane su matsa. Har mai jego ta aiko a duba ko jaririn ne. Gizo ya dawo gida yana huci, ya rantse ba za a sake ganin ƙazanta a gonarsa ba.

Da safe ya kori shanun, ya kwashe kashin tas ya zuba a kogi. Buzuzu, ƙwaron nan mai mirgina kashi, ya ce, "Malam Gizo, ni kuma ina zan yi aiki?"

"Je ka nemi sana'ar mutunci."

Sai Gona ta yi magana daga ƙasa, ta ce, "Gizo, tuwona fa ka zubar."

"Tuwo? Ba kya jin wari? Gyara ki nake yi, ki yi min shiru."

Kashegari ya tara kara da ganye ya cinna musu wuta. Ya dubi gawon da ke tsakiyar gona, ya ce ashe ga mai zubar da sharar nan, ya sare shi. Gara ta goya 'ya'yanta ta bar wurin.

Gona ta ce, "Gizo, zanena ka ƙone. Rana tana dukana, iska tana kwasata."

"Kin fi kyau haka. Da kamar bola kike."

Rana ta uku, kai, ni kaina kunyar faɗi nake ji. Ya ɗauko sabulun Ƙoƙi da soso, ya durƙusa yana cuɗa ƙasa, wai baƙinta ya yi yawa. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, gero fa ba ya tsira a faranti."

"Ke me kika sani a noman zamani?"

Da ya gama ya yayyafa mata turare. Wannan karon Gona sai ta shiga haɗa kayanta.

Ruwan farko na sauka, Gona ta ɗaura ƙunshinta, ta bi ruwa ta gangara, ta yi yaji zuwa gidan iyayenta a fadama. Gizo ya fito da ƙoƙon iri, shi kaɗai ya rage musu, don rumbu ya riga ya ƙare. Ya ɗaga sungumi ya sara, sai ƙara da tartsatsin wuta. Dutse ne zalla daga wannan iyaka zuwa waccan.

Ya tambayi maƙwabcinsa Kurege, "Don Allah ka ga gonata?"

"Ta wuce ta nan ɗazu tana ƙamshin turare. Na gaishe ta, ko waiwayowa ba ta yi ba."

Dole Gizo ya tafi biko. A ƙofar gidan ya tarar da Tana, tsutsar nan ta ƙasa, gwaggon Gona, tana kwance a laka. Ya durƙusa ya miƙa goro. Tana ta ce, "Ba ta da haƙori. Koma."

Ya dawo da atamfa sabuwa fil. Tana ta ce, "Zanenta kara ne da ganye. Koma."

A lokacin geron Kurege ya kai gwiwa, 'ya'yan Gizo kuwa sun fara lasar cokali babu komai a kai. Ƙoƙi ta ce, "Ai tun farko ta gaya maka abin da take ci." Gizo ya ɗauki kwando ya bi Fulani har mashekarinsu, ya tsaya bayan wata saniya ya ce ta taimaka. Saniya ta ce, "Wannan abu ba a yinsa da umarni, sai in ya zo." Haka ya wuni a bayanta da kwando a hannu, yana yi mata sannu. Dije, daina dariya, za ki shaƙe.

Da kwando ya cika ya ɗora a ka, ya ratsa tsakiyar kasuwa, yana ɗiga masa a wuya. Da ya isa fadama, Gona ta ɗanɗana, ta fashe da kuka, ta ce ta yafe. Gizo ya miƙe da murna ya ce, "To tashi mu tafi, yau zan yi shuka."

Tana ta ce, "Zauna. Da ƙafar ruwa ta zo, ruwa kuwa ba ya hawan tudu. Ni zan mayar maka da ita."

"Da me, Gwaggo?"

"Da bakina. Loma-loma."

Gizo ya sunkuya ya duba wannan gefe, ya duba wancan, bai ma gano inda bakin yake ba.

Damina ta wuce Tana ba ta kawo cikin ludayi ba. Ƙoƙi ta daka irin nan ta dama wa yara kunu, suka sha, shi ke nan. Ni kam yaran nan ne suke ba ni tausayi, ba su suka kori shanu ba. Ɗan tulin ƙasar da kuke gani a bakin ramin tana bayan an yi ruwa, gonar Gizo ce ake mayarwa, har yau ba a gama ba.

Don haka ku ji da kyau: ƙasa ma ci take yi, tana kuma son sutura. Ku ba ta taki, ku bar mata kara da itatuwanta. In kuka bari ta tafi, ko ta yafe muku, jikokinku ne za su ga dawowarta.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ya shige rami. Talle, gobe kai ne da sharar turken awaki, kuma gona za ka kai.