Bulon Cindo Mai Ƙara Ruwa

Ku matso ku ji yadda ni Cindo mai bulo na yi da dagacinmu. Filin da nake buga bulo yake so ya ba surukinsa, sai ya kira ni gaban jama'a.

Ya ce, "Cindo, kawo bulon da ba ya shan ruwa ko ɗigo. In ya sha, ka tashi daga filin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta yaya za a gane ya sha?"

"Ruwan zai ragu mana, sakarai!"

"To ga baho da ruwa, ga gawayi. Zana inda ruwan ya tsaya da hannunka mai albarka."

Ya zana. Na ɗauko bulo na tsoma, ruwa ya haura zanen.

"Ya ragu, ranka ya daɗe?"

Ya leƙa, ya sake leƙawa. "Kai! Ƙaruwa ma ya yi!"

"Ai nawa ke nan. Ba ya sha, sai dai ya ƙara."

Dagaci ya jawo ni gefe, ya yi ƙasa da murya. "Riƙe filinka, Cindo. Amma kafin rani, zuba mini bulon nan naka a rijiyata."